Jakin Arzika Ya Haddace Darasi

Arzika mutumin Magama ne, kusa da Jibiya a bakin iyaka. Jakinsa ɗaya tak, amma in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya koya wa raƙumi durƙuso. Gyaɗa yake kaiwa Maraɗi, ya dawo da kayan da ba ya son a tambaya.

A 1956 wani malamin jami'a daga kudu ya zo Jibiya da ɗalibansa masu nazarin halayyar ɗan Adam, aka kai su wurin Arzika. Arzika ya gyara zama ya ce, "Malam, bulala ta jahilai ce. Dabba ko mutum, in ya yi abin da kake so, saka masa nan take. Duk sanda jakina ya tsaya a shingen kwastan, dusa nake ba shi. Yanzu ko igiya ba na ja." Ɗalibai suka duƙufa rubutu kamar ba su taɓa ganin jaki ba.

Bayan kwana uku Arzika ya taso daga Maraɗi da turare ɓoye cikin buhunan gero, ya ratse daji don ya kauce wa shingen. Jaki ya ƙi. Arzika ya ja, ya yi lallashi, har bulalar jahilan ya ɗauko. Jaki ya miƙe sak, ya tsaya cak gaban ɗan kwastan yana jiran dusarsa.

Turare ya tafi, Arzika ya yi kwana biyu a tsare. Cikin duk waɗanda ya karantar, jakin nan ne kaɗai ya yi aiki da karatun.