Rufin Akurkin Inna

Shekarar da kamfanin man gyaɗa na bayan garinmu ya ƙone, Inna ta tsinto wani farin fallen rufi a wurin, ta rufe akurkin kajinta da shi. Ina surfe a tsakar gida sai ga ma'aikatan lafiya sun yi sallama, kowa da takunkumi.

Babbansu ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, wannan asbesto ne, ƙurarsa tana lalata huhu."

Ta ce, "Ni na gane, ɗan nan. Kajin fa, wa zai yi musu bayani?"

Ya yi ta dariya. Suka jiƙa fallen, suka naɗe shi a leda, suka tafi da shi. Washegari ya dawo da sabon kwanon rufi a bayan babur, ya kafa mata da kansa.