Babbakar Kan Rago a Tsakiyar Teku

Na so in bar labarin nan a cikina, don mai shi kawuna ne kuma ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Amma abu ne da ba zan taɓa mantawa ba, kuma da yana raye shi zai riga ni faɗa.

Lokacin da kuɗin mai ya ja mu kudu, na samu aikin kuku a wani jirgin ruwa na masu bincike a Legas. Na roƙa wa kawu aikin goge-goge a ciki, don fari ya cinye masa shanu a garinmu Runka ta ƙasar Safana, albashin nan shi ne abincin gidansa.

Aikin mutanen shi ne auna abin da ke yawo a iskar teku, irin su hayaƙi da gishirin da ruwa ke fesawa. Akwai tauraron ɗan'adam da ke aunawa daga sama. Su kuma sun kafa inji a gaban jirgi, yana zuƙar iska ta cikin wata farar takarda, don su gane ko tauraron gaskiya yake faɗa.

Babbar Sallah ta same mu a ruwa. Kawu dama ya shigo da ragonsa, kyaftin ya yarda a yanka. Babbaka ce ba wanda ya yi maganarta. Kawu ya hura gawayi a rabin durum, ya nemi inda hayaƙi ba zai dami kowa ba, ya samu gaban jirgi, gefen injin.

Washegari takarda ta fito baƙa ƙirin. Baturiyar da ke shugabantar aikin ta kasa cin abinci. Tauraro ya ce iska fes take, inji ya ce hayaƙi ne kamar ana toyi. Idan tauraron ne ke ƙarya, aikinsu duka ya tashi a banza.

Ni na gane hayaƙin babbakar kawu ne. Sai ga kawu da kwanon farfesun kai, wai zai kai mata.

Na ce, "Kawu, don Allah ajiye kwanon nan. Korarka za su yi."

Ya ce, "Kai yaro, ɗakinta na kallon namu. A yi layya a hana maƙwabci? A gidan wa ka ga an yi haka?"

Ta karɓa, ta shinshina kwanon, ta tsaya. Ta ɗauko takardar ta shinshina, ta sake komawa kwanon. Ta tambaye ni inda aka dafa. Na ce dafuwa a kicin, babbaka kuwa sai kawu. Ya kai ta wurin da kansa, har yana nuna mata yadda iska ke kwashe hayaƙin tsaf, ba ya damun kowa.

Ta zauna a kan durum, ni kuma ina lissafin kuɗin mota zuwa Safana. Can ta ce a faɗa wa tsoho tauraronta ya fita daga zargi, kada ya ƙara hura wuta, kuma ko akwai sauran romo.

Tun ranar na koyi cewa idan an ba ka izinin abu, ka tambayi har da abin da ke biye da shi.

Da na ba da labarin a kasuwar Batsari, wani dattijo ya gama saurare ya ce, "To ɗana, tauraron da aka babbake kan rago guda a ƙarƙashinsa bai gani ba, me aka ce yana gani?"