Irin Tarwadar Baba Sammani

A unguwarmu ta bayan kasuwar Batsari kowa manomi ne ko ɗan tireda, Baba Sammani kaɗai ne masunci. Masunci fa, a garin da tafki ke ƙafewa tun bazara ba ta yi nisa ba! Ana ta yi masa tsiya, shi ko a jikinsa.

Akwai abin da ya gada wurin mahaifinsa. Da tafki ya fara janyewa sai ya shiga taɓo ya zaɓo manyan tarwada, maza da mata, ya zuba su a randuna cikin zaurensa. Haka zai yi ta sauya musu ruwan rijiya yana ba su dusa har damina ta faɗi, sannan ya mayar da su su hayayyafa. Iri yake ce musu, kamar yadda muke ce wa geron shuka. Tun da matarsa Turai ta rasu, 'ya'yan suka tare a Katsina, kifayen nan ne abokan hirarsa. Ni maƙwabcinsa ne, ta katanga nake jin yana yi musu faɗa.

To, akwai wani kwazazzabo da ke cin gefen unguwa, ta nan ruwa ke gangarawa tafkin. Dattawa suka ce a cike shi da shara kafin ya cinye gidaje. Abin nema ya samu ga masu gyaran waya da rediyo, suka yi ta turo matattun batura da fasassun talabijin a baro. Wasu kuma suna ƙona wayar lantarki a wurin don ciro jan ƙarfe. Wallahi har godiya aka yi musu!

Ba a jima ba ƙananan kifaye suka fara fitowa a karkace, wani ido ɗaya, wani baki a gefe. Baba Sammani ya ce ruwa ne ya ɓaci, irinsa lafiya lau. Da damina ta zagayo ya zuba tarwadarsa a jarka, ya hau babur, ya kai su wani kududdufi mai tsabta a Darini.

Na raka shi ranar da ya je dubawa, gero ya fara bununi. Ya jefa koma ya jawo. 'Ya'yan duk a karkace. Wani malamin gona da ke wucewa ya juya ɗaya a tafin hannunsa, ya ce, "Baba, ba laifin ruwan nan ba ne. Guba ce ta riga ta shiga jikin iyayen, har ƙwan da suka zuba ta lalata."

Tausayin Baba Sammani ya kama ni sosai.

Yini ya yi yana tsamo su, har da iyayen. Ya haƙa rami a gefen gona ya binne, don kada wani ya ci. Na ce, "Haba Baba, ka bar ko da biyu mana."

Ya karkaɗe ƙasar hannunsa ya dube ni.

"Hashimu, in bar su su haifi me?"