Fenti Biyu a Bangon Inna

Shekarar da Baba ya rasu, Inna na fita takaba ta ce gida za ta koma, can Maraɗi. Gidan hayarsu na unguwar Adjamé Saint-Michel ya yi mata faɗi, rumfar atamfarta kuma ta riga ta bar wa ƙanena. Har ta tura shi tasha ya tambayo ranar da motar Nijar ke tashi. Hankalina ya tashi ƙwarai. Ga ta da hawan jini, ga can ɗin ba kowa sai jikokin dangi da ba su ma san fuskarta ba.

Na yi roƙo, na yi kuka, na yi faɗa, don ni ban iya ɓoye fushi ba. Ta ce ita ba za ta tare gidan suruki ta zama kaya ba.

Duk da haka na kwashe tarkacen da ke ɗakin baya a gidanmu na unguwar Treichville, na ce a yi masa fenti. A kanti aka buɗe min gwangwani biyu, wai launin ɗaya bej, ɗaya kirem, duk fari-fari masu kama da juna. Na kasa zaɓa, sai na sa mai fenti ya shafa su gefe da gefe a bango ɗaya. Maigidana ya leƙo ya ce duk kanwar ja ce, in ɗauki ɗaya kowa ya huta. Na ce mutumin da ke wuni cikin kwantenoni a tashar jirgin ruwa, me ya sani game da launi? Ya yi dariya, ya ce to a kira Inna mana, ai ita ce mai sana'ar. Allah ya saka masa da alheri, ni wannan dabarar ba ta faɗo min ba.

Inna ta zo tana cewa ba zama ya kawo ta ba. Ta tsaya gaban bangon, ta ce a kashe ƙwan lantarki, wa ya taɓa sayen zane a ƙarƙashin fitila? Duk mai atamfa a Adjamé ya san sai an fito da turmi rana ake gane launinsa. Bango kuwa ba ya fitowa, dole a jira rana ta zo ta same shi. Ta gan shi da hantsi, ta ce sai ta ga na la'asar. Da la'asar ta yi, ta ce ɗaya ya koma ruwan kunun gyaɗa, ɗayan yana ɗan ja-ja, kuma ba ta san yadda za su wayi gari ba. Na shimfiɗa mata katifa na fice, ina tsoron kada bakina ya ɓata min aiki.

Da safe na kai mata koko, na tarar tana shafa bangon da bayan hannu. Ta zaɓi mai ruwan kunun gyaɗa, ta ce shi ya fi haska ɗaki. Sannan ta rufe ni da faɗa a kan mai fentin, wai ko kankare bangon bai yi ba, kuma danshin Treichville ba ya raga wa fenti.

"Wannan da kyar ya wuce damina biyu bai ɓare ba," ta ce. "Kada ki manta sunan ɗayan. In ya ɓare, shi zan gwada."

Na ce to, Inna. Na fita tsakar gida na zauna bakin famfo, ina hawaye ina hamdala.