Baba Direba Ya Tsare Obin

Idan akwai abin da Allah bai halicci Baba Direba da shi ba, to zama ne. Tun yana saurayi yake jan babbar mota daga wannan gari zuwa wancan, har gemu ya yi fari, har ido ya fara gardama da fitilun motocin da ke tahowa, kamfani ya sallame shi. An karɓi motar, amma ƙafarsa ba ta samu labari ba. Yana zaune a ɗakinsa na saman bene za ka ji diddigensa yana dukan ƙasa, kafin ka ankara ya sa hula ya sauka. Ina za shi? Shi ma bai sani ba. Ya je bakin titi ya ƙare wa tayoyin mutane kallo, ya tsai da wani ya ce masa iskar tayarsa ta yi ƙasa, ya dawo, ya sake fita.

Mai ɗakinsa, Allah ya jiƙanta, ita ta riƙe gidan duk shekarun nan. Shi kuwa a hanya abincinsa gwangwani ne: ya huda shi, ya ɗora a kan inji mai zafi, ya ci a tsaye yana duban agogo. Sai da ta rasu ya gane ko inda ake ajiye gishiri a gidansa bai sani ba.

To, watan jiya ne abin ya faru. Ya ɗora tukunya a wuta, ƙafa ta fara ƙaiƙayi, ya ce bari ya leƙa bakin titi ya dawo. Leƙawar ke nan. Hayaƙi ya cika matakala, maƙwabta suka ɓalle ƙofa, wani sarkin iyayi ya buga wa 'yarsa waya. Ita kaɗai gare shi, malamar asibiti ce, kuma ba ta maimaita magana.

"Baba," ta ce, "ran hutuna zan zo mu ci abincin rana, kai za ka dafa. In na tarar ba za ka iya ciyar da kanka ba sai da gobara, wallahi ranar zan kwashe kayanka mu tafi gidana."

Gidan nata ya san shi: can bayan gari, katanga doguwa, maigadi a ƙofa, shiru kamar an yi mutuwa. Ko ƙarar mota ba ka ji. Tsoro ya kama shi sosai, don ya san in aka kai shi can ya gama yawo.

Sai ya sauka wajen Tela, mai shago a ƙasan benen, tsohon gwauro ne wanda ya daɗe yana dafa wa kansa.

"Kai da ka ƙare rayuwa a gwangwani, me zai gagare ka?" in ji Tela, allura a bakinsa. "Kazar gwangwani, miya mai kauri ta gwangwani, masara da koren wake, ɗan madara. Ka tsiyaye ruwan, ka juye su a kwanon gashi, ka haɗa da dafaffen makaroni, ka murmushe biskit mai gishiri a sama. Ka tura shi cikin obin, murhun gashin nan, kamar rabin awa. Shi ke nan fa. Abu ɗaya kawai yake so: ka zauna."

"In zauna," in ji Baba Direba, kamar an ce ya haɗiyi dutse.

Ranar da za ta zo, tun da hantsi ya jera gwangwanayen a kan tebur. Nan kam gwani ne. Ya murza mabuɗi, ya tsiyaye, ya juye, ya gauraya da babban cokali, ya ɗanɗana, ya ƙara barkono. Ya sa biskit a leda ya danne da tafin hannu har ya zama gari, ya barbaɗa. Ya tura kwanon ya rufe. Bai gama goge hannu ba ya ji wata babbar mota ta danna oda a titi, zuciyarsa ta yi tsalle, ya tsinci kansa a bakin ƙofa da hula a hannu.

Ya yi salati. Ya sunkuya ya kwashe duk takalman da ya mallaka, har da silifas na banɗaki, ya leƙa ta taga ya ƙwala wa Tela kira, ya watsa masa su ƙasa.

"Riƙe mini! Ko kuka na yi maka kada ka ba ni!"

"Kai, wannan tsoho!" in ji Tela, yana tsintar takalma yana dariya har da riƙe ciki.

Ya tsare kansa dai, amma bai tsare hannunsa ba. Ya je taga, ya dawo. Ya gyara kujera, ya mayar da ita inda take. Ya tsuguna gaban obin, sai ya ga fitilar ciki ta mutu, gilashin duhu. Yo wane direba ne zai yi tafiya bai duba injinsa ba? Ya buɗe, ya leƙa, ya rufe. Ya wanke gwangwani ɗaya, ya sake buɗewa. Ya soka cokali a tsakiya, ya juya kwanon, ya tsaya yana kallonsa ƙofa a hangame, zafin yana ta kwarara cikin ɗakin. Shi gumi yake yi sharkaf, kazar kuwa ko a jikinta. Ba wanda ya gaya wa bawan Allah cewa duk buɗewa mayar da aikin baya take yi.

Yana cikin haka ya ji takunta a matakala. Ta yi sallama ta shigo da jaka a kafaɗa, ta dubi ƙafarsa ba takalmi, ta dubi obin a buɗe. Ta ɗauki cokali ta ɗebo daga tsakiya. Saman fari fat, cikin ko ɗumi bai gama yi ba.

"Mamana, ban fita ba," ya ce da ƙaramar murya. "Wallahi ko matakala ban taka ba."

"Na sani, Baba. Na ga takalmanka a kan keken ɗinkin Tela."

Ta mayar da kwanon, ta rufe, ta jawo kujeru biyu ta ajiye gaban obin. "Zauna."

Ya zauna. Diddige ya fara aikinsa, sai ta ɗora hannu a gwiwarsa. Ya yunƙura zai leƙa, ta danne shi. Ya ce ƙishi yake ji, ta ce zai wuce. Ya ce kamar yana jin ƙauri, ta ce ba wani ƙauri. Da ya ga ba mafita sai ya fara ba ta labarin wata gada da ruwa ya taɓa cinyewa yana tsakiyarta, ita kuma ta ba shi na wani majinyaci da ke ɓoye magani a cikin safa. Bai san lokacin da ƙamshi ya cika ɗakin ba. Da ta buɗe, saman ya yi ja, gefen yana tafasa yana ɓul-ɓul.

Suka zuba suka ci. Gishirin ya ɗan yi yawa, amma suka ci gaba da ci abinsu.

"Ba zan ɗauke ka ba," ta ce tana kallon farantinta. "Mutumin da ya jefar da takalmansa ta taga don kada ya bar wuta, ba zan kulle shi a bayan katanga ba. Zan aiko a gyara fitilar obin ɗin." Ta ɗago kai ta dube shi. "Ka san wani abu, Baba? Tun da nake, yau ne na fara cin abinci da kai kana zaune. Kullum a tsaye kake, makulli a hannu."

Maganar ta soke shi. Ya so ya ce aiki ne, ya so ya ce don su yake yi, amma ya san gaskiya ta faɗa. Daɗin barinsa a ɗakinsa da baƙin cikin shekarun suka haɗu masa lokaci guda.

Wayarta ta yi ƙara. Ta dubi agogo, ta miƙe zumbur, ta saɓa jaka, sauran abincin ma tura shi take a baki a tsaye tana laluben makullin mota. Ya bi ta da kallo, ya gane tsayuwar nan sarai, ya kuma san wurin wanda ta koya.

Ya miƙa hannu ya kama bakin jakar.

"Ina kike sauri, Mamana? Zauna mana, ki cinye."

Ta dube shi, ta dubi ƙofa. Sai ta kife wayar a kan tebur, ta jawo kujerar ta zauna.