Ƙyallayen Baba Me-ya-sa

A layin babu wanda ya tuna ainihin sunansa, Baba Me-ya-sa kawai ake ce masa. Mai wanki da guga ne, kuma tun yana saurayi ba ya ganin abu ya wuce shi. Me ya sa bula take ƙara wa farin kaya haske alhali ita shuɗiya ce? Me ya sa sabulu ke ƙin kumfa a ruwan wata rijiyar? Ka kawo masa riga ɗaya, ka koma gida da tambayoyi uku. In an yi masa tsiya sai ya yi dariya ya ce matambayi ba ya ɓata.

Gidansa ɗaki biyu ne a bakin babban titi. A na gaba yake guga da dutsen gawayi, a na ciki suke kwana da matarsa, wadda kowa ke kira Inna. A haka suka aurar da 'ya'yansu, suka rage su biyu.

Bara Inna ta fara wani tari mai taurin kai. In ya taso mata, numfashinta har fito yake yi. Likita ya ba ta magani, ya ce a kula da iskar da take shaƙa. Baba ya tsorata ƙwarai, don bai san yadda ake zaman duniya babu Inna ba. Ya dubi hayaƙin manyan motoci, ya dubi janaretan mai walda na maƙwabta, ya ce ya gane masu laifi. Ya toshe tagogi da kwali, ya cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Kujerar Inna da ke bakin ƙofa ma ya ɗauke ta, ya ajiye kusa da teburin gugarsa inda idonsa zai riƙa ganinta. Tarin bai ragu ba, sai ma abin da ya ci gaba.

Akwai wata malamar kimiyya da ke kawo masa wanki. Ranar da ta zo karɓar kayanta ya tare ta a waje.

"Malama, don Allah, hayaƙin nan in ya tashi ya ɓace, ina yake zuwa?"

"Ba ya ɓacewa, Baba. Bazuwa yake yi. Akwai ƙananan ɓurɓushi a cikinsa da ido ba ya gani, suna yawo har su sami wurin sauka. Wani a bango, wani a huhun mutum."

"To a farin yadi fa?"

"Har da shi."

Shi ke nan, an sosa masa inda yake ƙaiƙayi. In dai farin yadi ne, ai nan ne gonarsa. Ya yayyanka wani tsohon zanin gado da ya wanke fes, ya rataya ƙyalle ɗaya a bakin titi, ɗaya a katangar mai walda, ɗaya a bayan gidansa wajen shanya. Guntu ya rage a hannunsa, ya rasa inda zai kai shi, sai ya maƙale shi a ƙusa saman kujerar Inna. So yake ya san wanda ya fi laifi tsakanin motoci da janareta.

Mai walda ya sha dariya. "Baba, tuta ka kafa mini? Ko wankin ne ya yi ƙaranci har ka koma ƙirƙiro datti?"

"Yi ta dariya, ɗana. Gani ya kori ji."

Bayan 'yan makonni, da wata hantsi, ya tattaro su ya jera a kan tebur kamar mai kasa haja. Na titi ya yi ruwan toka. Na mai walda ya ɗan fi shi duhu, Baba har yana shirya baƙar maganar da zai yaɓa masa. Sai ya miƙa hannu ya zaro na saman kujera. Baƙi ƙirin, ga wani maiƙo-maiƙo da ke kama yatsa. Ana zaton wuta a maƙera, ashe a masaƙa take. Ya juya ya dubi dutsen gugarsa, garwashi na ci a ciki, siririn hayaƙi na fita ta ramukan gefe, ga tagogi a toshe.

Inna ta leƙo daga kujerarta. "Wannan baƙin na ina ne, Malam? Na titi?"

"Namu ne," ya ce.

Ta murza bakin mayafinta. "Ai dama duk ka hura gawayin nan sai in ji ƙirjina ya ɗaure."

"Kika ƙi faɗa mini? Me ya sa?"

"Na ga irin wahalar da ka sha wajen toshe tagogin nan saboda ni. Sai na ji kunyar ce maka ba su yi ba."

Baba bai ƙara tambayar komai ba. Hawaye na zuba, ya ɗauki dutsen gugar ya kai tsakar gida, ya dawo ya sa hannu biyu ya fara ɓamɓare kwalayen daga taga.