Makirfo Biyu a Mazaunin 'Yar Tela

Da ƙarfe bakwai na safe Mai Kunne yake buɗe ɗakin baya na gidansa, kuma abin da yake fara yi shi ne tafa hannu. Tafi ɗaya a tsakiyar ɗaki, sai ya karkata kai ya ji yadda bango ya mayar masa. In amsar ta yi kaifi, ya ƙara rataya bargo. Daga nan ya kashe fanka, ya cire agogon bango ya kai falo, ya leƙa kicin ya roƙi matarsa ta kashe firij. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana kashewa, har yau kuma ba ta daina mita ba.

"Duk ranar da abin ciki ya lalace, kai da baƙinka za ku cinye," in ji ta.

A gidan rediyo ya samo wannan suna, inda ya shekara ashirin da shida a bayan gilashi yana ɗaukar muryoyin mutane, ba a taɓa jin tasa ba. Da ya ajiye aiki sai ya dawo gida da makirfo biyu, da ƙaramar na'urar naɗar sauti, da wani littafi mai baƙin bango da yake rubuta duk gwajin da ya yi. Masu zuwa wurinsa ba manyan mawaƙa ba ne. Akwai direba mai jita, akwai malamar makaranta mai waƙoƙin yara, akwai waɗanda ko danginsu ba su san suna waƙa ba.

Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne sitiriyo, wato ɗauka da makirfo biyu, ɗaya domin kunnen dama, ɗaya domin na hagu, yadda mai sauraro zai ji kamar yana cikin ɗakin. Abin da mutane kaɗan suka sani shi ne, shekara huɗu ke nan da kunnensa na hagu ya mutu. Bai yi wa kowa ƙorafi ba. Sai ya riƙa saurarar kowane aiki sau biyu: ya ji gefe ɗaya, ya juya hedifon, wato abin saurare da ake sawa a kunne, ya ji ɗayan, ya haɗa su a ka. Masu wannan sana'a sukan toshe kunne ɗaya da yatsa su zaga ɗaki suna neman inda makirfo zai tsaya. Shi yakan ce an hutar da yatsansa.

Wata Talata wani tela ya zo masa da jita a cikin jakar da shi ya ɗinka mata. Muryarsa a dushe take, yana magana yana hutawa. Ranar Juma'a za a yi masa aiki a maƙogwaro, kuma likita bai ɓoye masa ba: da wuya murya ta dawo. Waƙa ɗaya yake so a naɗa. Ya riga ya je wani babban situdiyo, aka ce ya kaɗa jita tukuna, daga baya ya ɗora murya. Ya kasa. Shekara arba'in bakinsa bai taɓa waƙa hannunsa na zaune ba.

"Malam, ba zan iya maimaitawa da yawa ba," in ji tela. "In na yi uku, sai gobe."

Mai Kunne ya zaunar da shi. Karo na farko ya raba makirfon, ɗaya kusa da wuyan jita, ɗaya ta wajen cikinta, tazarar kamu biyu. A hedifon abin ya yi faɗi, gwanin daɗi. Amma shi ba ya yarda da hedifon kaɗai. Ya kunna a wata tsohuwar rediyo mai lasifika ɗaya da yake ajiye wa irin wannan gwaji, sai jitar ta rame, muryar ta koma kamar daga cikin gwangwani. Ya rubuta a littafi, ya ja layi.

Karo na biyu ya haɗa kawunan makirfon wuri ɗaya a gicciye, a gaban tela, tsakanin baki da jita. Wannan ya fita tsaf, ko a rediyon bai canza ba. Duk wani mai sana'a da nan zai tsaya. Tela ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce ya yi kyau, ya gode. Sai dai Mai Kunne ya daɗe yana kallon fuskokin mutane ta gilashi, ya san godiyar wanda bai samu abin da ya zo nema ba.

"Maigida, wa zai saurari waƙar nan?"

"'Yata ce. Tana aikin jinya a wani gari mai nisa. Tun tana ƙarama nake yi mata."

"A ina take zama in kana yi?"

Tela ya yi dariyar da ta ƙare da tari. Ya ce a gida, a ɗakin ɗinki, kan wata 'yar kujera a gefen keke. In ya gaji da ɗinki sai ya ɗauko jita, ita kuma tana kan 'yar kujerar tana tsintar ƙyallaye.

"To, rufe bakinka haka nan. Kada ka ƙara magana da kowa sai na zo gobe."

Washegari da hantsi ya kwashi kaya zuwa gidan tela. Ɗakin ɗinkin ba wurin da mai hankali zai naɗi sauti ba ne. Siminti tsirara, taga tana kallon titi, keken ɗinki na ƙarfe yana amsa duk tsirkiyar jitar da aka taɓa. Mai Kunne bai rataya ko bargo ɗaya ba. Ya sa aka nemo 'yar kujerar daga ɗakin ajiya, aka aje ta inda take a da. Ya zauna a kai da gwiwoyinsa na mai shekara saba'in, ya sunkuya har kansa ya kai tsayin yarinya 'yar shekara biyar, ya sa alama. A nan ya kafa makirfon, tazarar taƙi ɗaya tsakaninsu, kowane yana kallon gefensa, kamar kunnuwan mutum. Tela yana hagu, sama kaɗan. Ƙofa tana dama.

Sau ɗaya aka yi. A baiti na uku muryar ta karye, tela ya haɗiye ya ci gaba. Can wajen ƙarshe matarsa ta gifta ta bakin ƙofa, takalminta ya ja ƙasa. Tela ya so a sake, amma da ya buɗe baki babu abin da ya fito sai iska. Mai Kunne ya saurara sau biyu kamar yadda ya saba, ya gwada a rediyo, ya naɗe wayoyinsa. Bai goge karyewar muryar ba, bai cire takalmin ba.

An yi aikin ranar Juma'a. Tela ya tashi, yana nan da ransa, yana ɗinki. Muryar ba ta dawo ba, yanzu da takarda da biro yake ciniki.

Kai ne, Mai Kunne, ka zauna a kujerar yara don aikin da ba za a sa sunanka a kai ba. Kai ne ka san cewa naɗi mai tsabta daban, na gaskiya daban, kuma ka bi mutum har gida don ka samo masa na biyun. Wannan watan ka rufe ɗakin baya, saboda kunnen dama ma ya fara ja da baya. Firij zai huta, matarka za ta rasa abin mita. Mun gode. Masu tasowa a wannan sana'a, da ma kowace sana'a da ake yi wa mutane, su riƙa tambayar da kake yi kafin su taɓa kayan aiki: wa ake yi wa, kuma a ina yake zaune?

Saura abu ɗaya da waɗanda suke wurin suka gani. Bayan sati uku da aikin, 'yar tela ta zo gida, uban ya kawo ta wurin Mai Kunne. Ta gaishe shi da ladabi, ta karɓi hedifon a tsaye, irin na mai sauri. Jita ta fara. Kafin a kai rabin baitin farko sai ta nemi wuri ta zauna. Da muryar ta shigo, ta juya kanta hagu ta ɗaga shi sama kaɗan, ta ce, "Na'am, Baba." Uban kuwa yana tsaye a damanta, riƙe da takarda da biro.

Mai Kunne bai taɓa jin wannan naɗi da kunne biyu ba, kuma ba zai taɓa ji ba. Kanta yake kallo. Ya jawo littafinsa, ya buɗe shafin ƙarshe, ya rubuta: hagu, sama kaɗan, daidai.